Yadda Ake Zaman Lafiya da Tagar Gabas

Da farko dai, kada ka kuskura ka duba tagarka a watan Afrilu, lokacin da bango yake a bushe, kafinta kuma yana zaune a inuwa yana hamma. Wannan halin masu garaje ne. Ka bari sai Agusta, ƙarfe biyun dare, hadari ya haɗu, an ɗauke wuta, sannan ka tashi da tocila a baki kana laluben tsumma. Wai ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama a gidan haya ba.

Tagar gabas ita ce babbar baƙuwarka, don haka ka girmama ta. A ƙasar Hausa ruwa mai iska daga gabas yake bugowa. Ƙurar hunturu kuma daga arewa maso gabas take tasowa, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta yi doguwar tafiya ba ta ya da zango ko'ina ba sai a kan kwanukan uwargida. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suka yi wa ɗakin soro 'yar taga can sama, wadda ko kyanwa sai ta rage ciki kafin ta wuce. Mu da muka waye, sai muka fasa rabin bango muka jera luba.

To, in gilashin luba ɗaya ya fashe, kada ka sayi sabo. Nemi kwalin taliya. Kwali yana da kirki: shi zai fara shanye ruwan, sai ya ƙoshi ya miƙa wa katifa sauran. In ya narke, akwai buhun siminti, akwai leda, akwai tsohon zanen Hajiya, amma shi wannan ka tambaya tukuna, in ba haka ba ruwan da zai sauka a ɗakin ya fi na waje ƙarfi.

Wata rana maƙwabci zai ba ka labarin silikon. Ka sayo, ka matsa shi kan ƙura da tsohuwar poti, ana cikin yayyafi. Kada ka kankare, kada ka goge, kada ka jira wurin ya bushe, balle ka ba shi yini da kwana ya kama jikinsa kamar yadda masu aikin suke cewa. Bayan sati guda zai ɓare kamar saɓar maciji, kai kuma ka samu abin faɗa a majalisa: kayan zamani duk jabu ne.

Mai tagar almuniyam, irin wadda ake turawa gefe, kai naka aikin ya fi daɗi. Duba ƙasan firam ɗin, za ka ga wasu ƙananan huji. An yi su ne don ruwan da ya taru a hanyar gilashi ya zube waje. Toshe su tas, ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga ranar ruwan ba shi da mafita sai cikin ɗaki, fenti ya kumbura, bango ya yi taswirar ƙasashen da ba a gano ba tukuna. Haka ma dakalin taga. Kamata ya yi ya ɗan karkata waje, amma in magini ya karkatar da shi ciki, ka ce masa: "Sannu da aiki, Malam, Allah ya saka."

Tagar katako kuwa kumbura take da damina ta ƙi rufuwa, ta tsuke da hunturu ta ƙi tare iska. Fenti ko baƙin mai zai rage mata wannan hali, ya kuma kori gara, sai dai ita garar ma ai iyali gare ta.

Saura mai gida. Ka kira shi ka gaya masa taga tana yoyo. Zai ce a bari damina ta wuce. In ta wuce, zai tambaye ka ina yoyon. Kada ka yi musu da dattijo. Ka dai ajiye bokiti biyu a ƙarƙashin tagar, ka kuma ja katifarka can bangon yamma.