Taƙaitaccen Bayani Kan Ilimin Kashewa da Kunnawa

Ka sani, ya kai mai neman sani, masana sun kasa cututtukan kwamfuta gida uku: na na'ura, na waya, da na mutumin da ke zaune a gabanta. Na ukun ya fi yawa, sai dai ladabi ya hana a yi masa babi.

Babi na farko, kashewa da kunnawa. Hujjar wannan magani ita ce, ma'ajiyar wucin gadi da ake kira RAM ba ta riƙe komai da zarar wuta ta yanke mata, don haka manhajar da ta rikice takan gushe tare da rikicinta. Amma an samu saɓani tun fitowar Windows 8 a 2012. Daga lokacin, idan an danna Shut down, kwamfuta likimo kawai take yi: takan adana wani sashe na halin da take ciki don ta farka da wuri, wani lokaci har da ciwon. Zance mafi inganci shi ne a danna Restart. Idan ta sandare ƙam, a danne maɓallin wuta kimanin daƙiƙa 10. Mazhabar masu marin ta da tafin hannu kuwa tana da mabiya da yawa, hujja ce dai ba ta da ita.

Babi na biyu, intanet. A zare rauta daga soket, a jira daƙiƙa 30 har ragowar wutar cikinta ta tsiyaye, sannan a mayar. Wi-Fi mai 2.4 GHz ya fi ratsa bango, mai 5 GHz ya fi sauri amma tafiyarsa gajera ce. Wanda ya kulle rauta a durowa saboda yara ya kare ta daga yara, ya kuma kare kansa daga intanet. Sharaɗin wannan babi duka shi ne a fara tabbatarwa cewa data ba ta ƙare ba.

Babi na uku, zafi. Yawancin laftof ta ƙasa suke shaƙar iska. Idan an ɗora ta a katifa, ko ƙurar hunturu ta toshe fankarta, sai ƙwaƙwalwarta ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Jama'a kan kira wannan bairos. Maganinsa tebur ne da hure ƙura.

Rufewa, game da fomat. Ba a zuwa gare shi sai an gama da babukan nan uku, domin yana share duk abin da ke kan faifan. Masana sun haɗu a kan wajibcin ajiye kwafin aiki a filashi tun ana lafiya. Sun kuma haɗu a kan cewa ɗalibi ba ya karɓar wannan hukunci sai ranar da furojet ɗinsa ya salwanta, saura kwana biyu a miƙa.