Hawan Jini da Hawan Biyu da Sisi

Likita ne ya ja min. Ya ɗaura min abin awon nan a damtse, ya matsa, ya dubi allurar, ya dube ni, sannan ya ce, "Malam, jininka ya hau. Ka rage gishiri, ka rage tunani, ka riƙa motsa jiki." Gishiri dai tun a daren uwargida ta rage shi, har miyar kuka ta koma kamar ruwan wankin tukunya. Tunani kuwa, ma'aikacin gwamnati mai 'ya'ya bakwai ba shi da ikon rage shi. Saura motsa jiki. Da mai hankali ne, sai ya riƙa zaga unguwa bayan sallar asuba. Ni kuwa sai na shiga kasuwa na sayo keken gwanjo mai giya 21, na ce tsaunin Mambila zan hau.

A yi min uzuri, ni Bakano ne. Mu a wurinmu in an ce dutse, to Dala ake nufi, sai ko Goron Dutse. Tudun da na fi sani a kan keke shi ne gadar sama ta Ƙofar Nasarawa, wadda na haye sau uku a jere wata Asabar ban sauka na tura ba. Da na kawo wa uwargida labarin wannan bajinta, sai ta ce, "Malam, keken nan fa ya girmi ɗanka na fari, kai kuma ka girmi keken." Ta dai haƙura, ta ƙulla min dabino da ƙuli-ƙuli, ta cusa min rigar sanyi a jaka. Tana juya baya na zare rigar na ajiye a kan gado. Watan Afrilu ne, Kano tana ci kamar tanda, wa zai ɗauki rigar sanyi a yi masa dariya?

Daga Kano zuwa Jalingo, daga nan zuwa Bali har Serti, a saman mota keken ya yi tafiyarsa, ɗaure tsakanin buhunan albasa, kuma kowace tasha sai 'yan kamasho sun yanka masa nasa kuɗin daban. Tun bai ɗauke ni ba na fara ɗaukar nauyinsa.

A Serti na hau, garin da hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take, wanda duk Najeriya babu gandun dajin gwamnatin tarayya mai girmansa. Ranar farko kam, sai hamdala. Hanya ta gangara zuwa gada, ta ɗan ɗaga, ta sake gangarawa, ko'ina kore shar, ruwa na gudu a kan duwatsu. A nan na koyi cewa duk garin da sunansa ya fara da Mayo, to akwai kogi a gefensa, domin da wannan sunan Fulani ke kiran kogi. Na tsaya a bakin wata gada in ci guzuri, na shimfiɗa ledar ƙuli-ƙuli a kan dutse. Sai ga wani ƙaton gwaggon biri ya fito daga daji, ya zauna nesa kaɗan, yana yi min irin kallon da mai gida ke yi wa ɗan haya ranar 30 ga wata. Na ce masa kai! Ya yi hamma, na ga haƙoransa. Muka daidaita cikin mutunci: shi ya ɗauki leda, ni na ɗauki keke.

Na kwana a Mayo Selbe, gindin tsaunin. Mai shayi ya tambaye ni inda na nufa, na ce Gembu. Ya leƙa bayana yana neman motar, na nuna masa keken. Ya daɗe yana juya shayi bai ce komai ba, can ya ce, "To, Allah ya sa a sauka lafiya," da irin muryar da ake yin ta'aziyya. Shi ya gaya min sunan hawan da ke gabana, wai Biyu da Sisi. Na ce a raina, hawan da kuɗinsa bai kai sule uku ba ai ba abin tsoro ba ne.

Saman Mambila ya kai kimanin mita 1,600 daga doron teku, kuma mafi yawan wannan bashin a nan ake biyansa, kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun. Na fara da giyar tsakiya ina fito. Kafin kwana ta uku fito ya koma nishi, na ƙure giya har ta ƙarshe, wadda ƙafa ke juyawa kamar fanka, keke kuma yana tafiyar hawainiya. Duk kwanar da na hango sai in ce daga ita shi ke nan, in na sha ta sai in tarar da yayarta tana jirana. Wata tsohuwa da damin itace a ka ta cim min, ta jera da ni na ɗan lokaci, ta gaishe ni da Fulatanci, da ta ga ban gane ba ta juya Hausa: "Sannu ɗana. Keken ne ba shi da lafiya?" Ban iya amsawa ba, numfashin da ya rage min ba na magana ba ne. Ta wuce ni. Ina gani ta sha kwana ta ɓace.

Sai sarƙa ta zame. Na mayar da ita, hannuna ya yi baƙi ƙirin, na manta na share gumi da shi. Daga nan ban sake hawa ba. Na kama ƙahon keken ina turawa, feda tana dukan ƙwaurina duk taku uku, kamar tana tuna min maganar uwargida.

Wajen azahar na ji gurnanin mota. Tsohuwar Land Rover ce, irin waɗanda ke ɗaukar kaya a tsaunin, yaron mota a maƙale a baya da weji a hannu. Tana tsayawa ya diro ya cusa shi ƙarƙashin taya. Direban ya leƙo, ya ƙare wa baƙar fuskata kallo.

"Maigida, daga ina?"

"Daga Kano."

Ya bugi sitiyari, ya yi kabbara. "Allah mai iko! Ni Bazazzage ne. Yau ga bawana na tsinta a kan dutse!"

Duk direbobin duniyar nan a rasa wanda za a turo min sai abokin wasa. Ya ce ni kyauta zai ɗauke ni, don ba a karɓar kuɗi a hannun bawa, amma keken ɗa ne, sai ya biya. Aka ɗaure shi a sama, ni kuma aka dasa ni a kan buhunan gishiri, abin da likita ya hana ni. Har muka ƙare hawan yana ba fasinjoji labarin yadda Kanawa ke ɗaukar jiri in sun hau bene.

Amma fa da muka fito sama, zagin ma na daina ji. Tuddai ne lulluɓe da ciyawa, ɗaya bayan ɗaya har iyakar ganinka, shanu ƙosassu a warwatse, bishiyoyin turare a jere kewaye da gidaje. Wani fasinja ya ce min wannan ƙasa sai a 1961 ta shigo Najeriya, bayan ƙuri'ar raba gardama ta Arewacin Kamaru, shi ya sa har yau ƙaramar hukumar ke amsa sunan Sardauna. Ya nuna min wajen gabas, inda Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419, ya ce ko zan kai keken can ma. Na ce sai wani zuwan.

Dab da Nguroje na roƙi a sauke ni, don in shiga gari a kan kekena kamar yadda na ƙudura. Motar na tafiya hazo ya rufe, yayyafi ya sauko, wani sanyi ya ratsa 'yar rigata ya shiga har ɓargo. Na shiga gari haƙora na kaɗawa, ba wanda ya ga shigar tawa ma saboda hazo. Mai gwanjo ɗaya na samu a buɗe, rigar sanyi ɗaya ce ta shige ni: ruwan hoda, da gashi-gashi a wuya. Na biya ban yi ciniki ba. Na sha shayi kofi uku, mai shayin yana ta yi min bayanin cewa ganyen a nan kusa ake nomansa, a Kakara, idonsa kuwa na kan wuyan rigar.

Washegari na kama hanyar Gembu, a nan na gane ashe hawa ƙanin sauka ne. Robar birkin keke cinyewa take yi in an daɗe ana matse ta, balle a jiƙe, balle ta gwanjo. A wata doguwar gangara mai faɗawa rafi, irin rafukan da ke zuba a kogin Donga, na matse birkin baya na ji ya taɓo ƙaho. Na matse na gaba, ya yi ƙara kamar ɗan tsako, ya yi shiru. Can ƙasa kuma garken shanu ne ya cika gadar. Na buga ƙararrawa, na sa takalmi a ƙasa ina ja har ɗaya ya fita ya bar ni, na koma salati da ƙarfi. Da na ga ƙahonin nan, sai na zaɓi rafi.

Taɓo ne ya karɓe ni, Allah ya saka masa. Na ɗago kai, ga wani dattijon Bafulatani a tsaye, sanda a kafaɗa, bai ko motsa ba.

"Sannu Malam. Wanka ne ko alwala?"

Ya kama hannuna ya fito da ni, ya ce shanunsa sun saba da mota, sun saba da babur, amma ba su taɓa ganin mai gemu ya sauko da gudu yana salati cikin rigar mata ba, don haka in nono ya yi ƙaranci yau, ni ne.

Tayar gaba ta lanƙwashe kamar gurasa. A bayan ɗan acaɓa na shiga Gembu, keken a gicciye a cinyata, ƙafa ɗaya ba takalmi. Na ce ya tsaya a wani kemis in sayi man zafi, na ga abin awo a kan kanta, na miƙa damtse. Yaron kemis ɗin ya auna, ya ɓata fuska, ya sake aunawa.

"Baba, jinin nan fa ya hau sosai. Ka daure ka samu ko ɗan keke ne, ka riƙa motsa jiki."