Ciwon Baya Cikin Rahusa

Daren Talata bayana ya hana ni barci. Na juya dama, na juya hagu, na cusa filo a ƙarƙashin gwiwa, duk a banza. Sai na yi abin da kowa ke yi yanzu kafin ya tuna akwai likita a duniya: na laluɓo waya na rubuta "ciwon baya" a gurbin bincike. Kafin bayanin kowane asibiti, abin da ya fara tarbata a saman shafi talla ce ta wani kantin magani na intanet, an rubuta ta ɓaro-ɓaro: "Sayi Ciwon Baya Cikin Rahusa". A ƙasa kuma aka ƙara da albishir cewa ana kai wa mutum har gida.

Jama'a, ni nawa kyauta na same shi. Kujerar ofis ce ta ba ni, ban biya ko sisi ba, ashe hajja ce nake ɗauke da ita ban sani ba. Tunda kuwa an ce rahusa, ke nan akwai farashinsa na asali, akwai kuma bayin Allah da suka saya da tsada kafin a yi ragi, yanzu suna can suna cizon yatsa. Na kwanta ina lissafi. Sari ake bayarwa ko ɗai-ɗai? Na ƙugu ya fi kuɗi ko na tsakanin kafaɗu? Sabo ne dal a leda, ko gwanjo ne wanda wani tsohon direban tirela ya gama mora? In na saya bai kama ni sosai ba, ana karɓar canji? Wanda na fi tausaya wa shi ne ɗan acaɓar da za a ɗora wa saƙon. Da ramukan da ke layinmu, kafin ya iso ƙofar gidana ya samu nasa, kuma ba wanda zai yi masa ragi.

Barci dai ya riga ya gudu, sai na ce bari in ga iyakar shagon. Na rubuta "basir". Akwai, cikin rahusa. Na rubuta "hawan jini". Shi ma akwai, kuma za a kawo har gida, kamar wanda kuɗin makarantar yara ke kawowa bai isa ba. Da na rubuta "ciwon sanyin ƙashi" ne kawai shagon ya dawo hayyacinsa, ya ce "Sayi Magani Cikin Rahusa".

Da safe na nuna wa ɗan ƙanwata, wanda ya yi kwas ɗin tallar intanet na 'yan makonni ya dawo yana kallonmu kamar mutanen da. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kawu, ai ba mutum ne ya rubuta maka ba. Layi ɗaya mai shagon ya rubuta, ya bar gurbi a tsakiya. Sai ya ba Google jerin kalmomin da yake so tallarsa ta fito a kansu. Duk wadda bincikenka ya taɓo, ita injin zai ɗauka ya cusa a gurbin." Na ce to me ya sa sanyin ƙashi ya tsira? Ya ce kan talla ba ya wuce harafi 30. "Sayi" da "Cikin Rahusa" sun riga sun cinye 18 har da tazara, saura 12. In kalma ta fi gurbin tsawo, sai injin ya ajiye ta ya sa wadda mai shagon ya tanada don irin wannan rana, wato "Magani". Ke nan a wannan shago sai cutarka ta yi dogon suna kafin a yi maka magana irin ta masu hankali. Mai basir kuwa, harafi biyar kacal, ba shi da mafita.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne jerin nan. Injin bai ƙirƙiro basir daga kansa ba, kuma ba duk abin da na ga dama na rubuta yake kwafewa ba. Wani baligi ne, mai gemu ko mai ɗankwali, ya zauna ya rubuta "basir" a jerin kalmominsa, ya rubuta "Sayi" a gaban gurbi, har ya zaɓi a riƙa fara kowace kalma da babban harafi don ta yi kwarjini, amma bai ɗauki minti ɗaya ya haɗa biyun ya karanta da bakinsa ya ji yadda suke fita ba. Kalma ɗaya zai ƙara, "maganin", shi ke nan. Bai ƙara ba.

Mun dai san halin tun kafin a haifi intanet. Shiga Kantin Kwari ka tambayi kowace irin shadda, ko wadda ba a taɓa saƙawa ba. "Akwai, Alhaji, bismillah zauna." Sai a ƙyafta wa yaro ido ya ɓace cikin layi, kai kuma a riƙe ka da hira da ruwan leda har ya dawo da wata daban, a ce ai wannan ta ma fi. Kalmar "babu" haramun ce a bakin ɗan kasuwa. Sai dai shi na Kwari ya san shadda, kuma ko ka matsa masa ba zai ce yana da hawan jini na sayarwa ba.

Na ce wa ɗan ƙanwata, to zan rama. Tunda duk dannawa ɗaya kuɗi ake cirar wa mai shagon, yau zan wuni ina danna tallar nan har jarinsa ya karye. Ya ce, "Kawu, kada ka wahalar da yatsanka. Ana tace dannawar mugunta, ba a cajinsa." Wato an yi tanadin maganin irina, ba a yi tanadin maganin irinsa ba.

Shi wannan ciniki na biya-in-an-danna ba yau aka fara ba. Wani Ba'amurke, Bill Gross, ya fito da shi a 1998 a shafinsa na GoTo.com, inda masu talla ke gwanjon kalmomi, wanda ya fi tayi ya hau sama. Google ya buɗe AdWords a 2000, ya koma cajin dannawa a 2002, ya sauya masa suna zuwa Google Ads a 2018. Kuma kada a ce ƙananan 'yan kasuwa ne kaɗai ke wannan kwaɗayi. Kamfanin eBay, da girmansa, ya yi shekaru yana tayin miliyoyin kalmomi, har ya zama abin barkwanci a Amurka saboda tallarsa na fitowa tana tayin abubuwan da ba mai hankalin da zai sayar. A 2012 masana tattalin arzikinsa, ciki har da Steve Tadelis, suka gwada dakatar da tallar da ke fitowa idan mutum ya rubuta sunan kamfanin da kansa. Kusan duk mutanen suka ci gaba da shigowa ta hanyar da ba a biya. Ashe kuɗi ake ta zubarwa don a nuna wa mutum ƙofar da ya riga ya riƙe mariƙinta.

Amma wallahi duk wannan bai ƙona mini rai kamar abin da na tarar da na danna ba. Shafi ya buɗe, data na tafiya, ga hotunan kwalabe reras, ga hoton wani Bature yana dafe da ƙugu, amma babu farashi ko ɗaya. Sai lambar waya da "yi mana magana a WhatsApp". Rahusa daga nawa zuwa nawa? Sirri ne.

Wannan cuta ta ɓoye farashi ita ce ta gama gari, kuma ba inji ne ya koya mana ita ba. Mace ta sa hoton atamfa a Facebook, mutum arba'in su tambaya "nawa?", ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana amsa "duba inbox". Hajiya, atamfa ce fa, ba sadakin 'yarki ba. Ka je inbox ɗin, a fara da "ina wuni, ya iyali, daga wane gari?", kuma kowa ya san ba gaisuwa ake yi ba, ana auna aljihunka ne. In ka ce Abuja, kuɗi ya tashi. In hotonka na jikin mota ne, ya ƙara tashi, ko da motar maƙwabci ce. Wani ma sai ya karanta saƙonka, shuɗin maki biyu su fito, ya yi shiru sai bayan La'asar ya ce "ya ƙare, amma akwai wani kala". Ka kashe data, ka kashe wuni, ka gaishe da mutumin da ba ka sani ba har da tambayar iyalinsa, ba ka ji farashin turmi ɗaya ba.

Don Allah 'yan kasuwar waya, maza da mata, abu biyu nake roƙo. Kafin ku saki talla, ku karanta ta da ƙarfi a gaban wani babba a gidanku. Sannan ku rubuta kuɗin kaya a ƙarƙashin hoto, da lambobi, inda kowa zai gani.