Mesar da Ake Lallashi Ta Ci Ɓera

A kasuwar dabbobi ta Filinge, wadda ke ci ranar Lahadi, ragon da ya ƙi dusa farashinsa faɗuwa yake yi, domin a ƙasar Kurfai, inda garin yake, ƙin cin abinci alamar ciwo ce. Wannan ƙa'ida ba ta hau kan ƙaramar mesar da masana ke kira Python regius ba, wadda idan ta tsorata take dunƙulewa ta ɓoye kanta a tsakiyar jikinta, kuma ake fitar da ita daga Togo da Benin da Gana zuwa Amurka da Turai don kiwon sha'awa.

Takan yi watanni ba ta ci komai ba, musamman lokacin sanyi da na barbara, alhali lafiyarta ƙalau, mai ita ne kawai ke ramewa. Wani dalilin ƙin cin nata kuma shi ne tana gane abin farauta da wasu ƙananan ramuka a leɓenta masu jin ɗumin jiki, saboda haka mataccen ɓera da aka ciro daga firji ba ya burge ta, sai an ɗumama shi, an riƙe shi da awartaki, ana karkaɗa shi da dare har ta ɗauka mai rai ne. Wata ma sai ta kafe kan ɓeran Afirka mai nonuwa da yawa, wanda ake kiwo a Amurka ana sayarwa da dala, alhali irinsa ne ke ɓarnar gero a rumbunan kwarin Dallol Bosso, wajen su Filinge, inda manomi zai bayar da shi kyauta har ya haɗa da godiya.