Alwala a Bakin Bahar

Tun muna almajirai a zauren malaminmu a Bungudu, ana karanta mana babin tsarki a Risala ana fassarawa, na haddace cewa ruwan bahar mai tsarki ne kuma mai tsarkakewa, alhali kuwa daga malamin har ɗalibai babu wanda ya taɓa ɗora ido a kan ruwan da ya fi Gulbin Sakkwato faɗi, shi ma sai damina ta tsaya, don da rani yara ke langa a cikinsa. Saboda haka da wani aminina, Alhaji mutumin Tsafe mai fataucin goro, ya nemi in raka shi Ghana, ban amsa ba sai da ya yi mini alkawarin idan mun gama ciniki a Kumasi za mu zarce bakin teku, in aikata da hannuna abin da na daɗe ina ba da fatawa a kansa.

Allah ya kai mu Elmina ranar wata Talata da hantsi. Akwai wani ƙaton farin soro a can, zaune bisa dutse, teku na dukan gindinsa dare da rana, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482 domin cinikin zinariya, mutanen Holan suka ƙwace shi a 1637 bayan sun hau da igwa kan wani tudu da ke fuskantarsa, sa'an nan ya koma hannun Ingilishi a 1872. Na dubi tudun nan da ɗan jagora ke ta kurantawa, na ce a raina wanda ya hau Dutsen Kwatarkwashi ba zai kira wannan tudu ba. Aka shiga da mu tsohuwar majami'ar Fotugal da ke tsakar gidan, wadda yanzu ta zama ɗakin tarihi, aka kuma nuna mana inda aka tsare Prempeh, Sarkin Tonawa, a 1896, bayan rundunar Ingilishi, wadda akwai sojojin Hausa a cikinta, ta kamo shi daga Kumasi. A kurkukun bayi kuwa, inda duhu da wari ba su gushe ba har yau, da 'yar ƙofar nan da ake fitar da su zuwa jirage ba su sake komowa, duk wani surutu nawa ya ɗauke, musamman da na tuna da yawansu daga arewa aka gangaro da su, ta kasuwanni irin su Salaga, kan hanyoyin da fatakenmu suka sani sarai.

Muna fitowa azahar ta yi. Alhaji ya ce, "Allah gafarta Malam, mu ƙarasa masallacin zango, akwai ruwan famfo." Na ce, "Haba Alhaji! Kai da ka fito daga ƙasar 'Yandoto, matattarar malamai, ga nassi ga bahar, ka ce famfo?" Ashe masuntan garin, Fantawa, ba su shiga teku ranar Talata bisa al'adarsu, don haka suna nan jingim a inuwar kwalekwale suna ɗinkin taru, babu abin da suke bukata illa abin kallo.

Na naɗe hannun babbar riga, na tuɓe takalmana sababbi ful da na saya a kasuwar Gusau, na tsuguna inda ruwa ke lasar yashi yana komawa cikin ladabi, na yi basmala, na wanke hannu. Da na kai ga kurkurar baki na fahimci abin da malamai suka yi shiru a kansa, domin gishirin nan ya fi na miyar amaryar da ta ɗanɗana ta manta ta sake zubawa. Da na shaƙa kuwa, sai da na ji shi a tsakar ƙwaƙwalwata, hawaye na zuba, amma na daure saboda sunna da kuma idon jama'a. Na zo shafar kai, na cire hula na ɗora bisa takalma, ina jin masunta na ta ihu da yarensu, ni kuwa na ɗauka yabo ne. Kafin in ɗago, sai ga wata igiyar ruwa da ta fi ni tsawo ta tashi da ni, ta juya ni, ta cusa mini yashi har cikin aljihu, ta shimfiɗe ni rigingine a gaban wani kwalekwale, babbar riga ta lulluɓe mini fuska, ina salati ana jin rabi.

Yara suka faɗa ruwa suka ceto hula da takalmi ɗaya. Ɗayan kuwa, bisa ga alama, ya nufi Birazil. Alhaji, wanda dariya ta hana shi miƙewa, ya rarrafo ya ce, "Malam, ina da mas'ala: wannan wankan ya isar wa Jumma'a?" Na amsa masa, ina furzar da yashi, cewa a mazhabar Imamu Malik wanka bai inganta sai da niyya da cuɗawa, ni kuwa ban yi niyya ba, cuɗar da aka yi kuma ban wakilta kowa ya yi mini ita ba. Wata dattijuwa mai koko da ƙosai, 'yar zango, ta yi mini sannu da Hausa garau, ta ara mini silifan jikanta, da su na yi sallar azahar ƙasaru a masallacin da na ƙi zuwa, bayan na sake alwala a famfo.

Alhaji ya riga ni baza labarin daga Tsafe har Bungudu, da ƙarin gishiri irin nasa, har yana cewa wai fatawata ta nutse. Wannan ƙage ne. Hukuncin yana nan daram, ruwan bahar yana tsarkakewa, ni shaida ne. Sai dai duk ɗan'uwan da Allah ya nufa da zuwa can, ya tafi da buta, ya aiki ɗan masunci ya ɗebo masa, ya koma can bayan soro ya yi alwalarsa, kuma kada ya je ranar Talata.