Daren Da Beatles Suka Yi Wa Mutum 18 Wasa

Ranar Asabar, 9 ga Disamba, 1961, mawaƙan Beatles suka yi wasa a zauren rawa na Palais Ballroom da ke garin Aldershot a kudancin Ingila. Mutum 18 ne suka halarta. A lokacin su huɗu ne: John Lennon, Paul McCartney, George Harrison da mai ganga Pete Best, domin Ringo Starr bai shigo ba sai a 1962. A garinsu Libaful an san su sosai. A kudu kuwa ko sunansu ba a taɓa ji ba.

Wanda ya shirya wasan, Sam Leach, dabararsa ba ta da laifi a takarda. Manyan kamfanonin faifai duk a Landan suke, kuma ba sa wahalar da kansu zuwa arewa neman mawaƙa, don haka ya ce bari ya kai musu yaran har ƙofar gida. Sai dai ƙofar da ya samu ta yi nisa da gidan. Aldershot garin barikin soja ne, kusan kilomita 60 daga Landan, kuma ganin Dala ba shiga birni ba ne. Cikin manyan da ya gayyata babu wanda ya leƙo.

Babbar ɓarakar daga talla ta fito. Leach ya aika wa jaridar garin sanarwa haɗe da cek, alhali ƙa'idarta sabon mai talla kuɗi hannu yake biya. Bai bar musu hanyar da za su neme shi ba, su ma suka ajiye takardar suka ci gaba da harkokinsu. Mawaƙan suka kwashe sa'o'i a mota cikin sanyin hunturu, suka iso garin da babu mahalukin da ya san da zuwansu.

Ganin haka aka bazama mashaya da shagunan shayi ana roƙon jama'a su zo, shiga kyauta. Duk da wannan rangwame, abin da aka iya tattarowa ke nan, 18. Lissafin ma yana da sauƙi: kowane mawaƙi ya tashi da 'yan kallo huɗu da rabi.

Abin yabo, sun yi wasan. Hotunan da aka ɗauka a daren sun nuna fili fetal, 'yan tsirarun masu rawa kowa da kadadarsa, ba mai taka ƙafar wani. Da abin ya ishi Lennon da Harrison, sai suka sauko daga dandamali suka kama juna suna rawa, wato mawaƙa suka koma ƙara yawan 'yan kallonsu.

Bayan an tashi suka zauna shan giya, suka mai da zauren filin ƙwallo da 'yan ƙwallayen wasan bingo. Hayaniyar da ta kasa jawo jama'a ita ta jawo 'yan sanda, waɗanda suka umarce su da su bar garin. Daga nan suka nufi Landan cikin dare.

Ranar 15 ga Agusta, 1965, Beatles suka yi wasa a filin Shea Stadium na birnin New York a gaban mutum sama da 55,000. Ihu ya yi yawa har su kansu ba sa jin abin da suke rerawa.