Yadda Ake Cin Balangu A Tudun Wada Ba Tare Da Girma Ya Zube Ba

A watan Maris na 2023, wata uku bayan Ajantina ta ɗauki kofin duniya a Ƙatar, Messi ya shiga wani gidan gashin nama mai suna Don Julio a unguwar Palermo ta birnin Buenos Aires, zai ci abincin dare da iyalinsa. Kafin ya gama labari ya zaga gari. Jama'a suka cika titi maƙil, ana ihu ana ɗaga waya, da ƙyar aka fitar da shi. Wani ƙanena ne ya nuna mini bidiyon muna zaune a ƙofar gida a Tudun Wada, yana ta riƙe baki. Ni kuwa ko a jikina. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mai balangu a Gusau ran da albashi ya shigo ya san abin da bawan Allahn nan ya gani. Bambancin ɗaya ne: mutanen Messi hoto suka zo nema, namu kuwa da haƙoransu suke zuwa.

Shi ya sa na ga ya kamata in bar wa na baya abin da na koya, tunda da kuɗina na saye shi. Kada wani ya ruɗe ka cewa manyan gidajen nama na ƙasashen waje ne kaɗai ke da ƙa'ida. Don Julio ya sami tauraron Michelin a ƙarshen 2023, lambar yabon da kamfanin tayan nan na Faransa yake ba gidajen abinci. To, namu ma yana da alaƙa da Michelin, don teburinsa jingine yake da rumfar mai faci.

Fara da lokaci. A Buenos Aires sai tara ko goma na dare ake zama cin abinci, kuma wurin zama a irin wannan gida tun makonni ake kama shi. A nan benci na wanda ya riga ne. In ka yi gaggawa ka je da la'asar, kai ne za ka raba mai nama da kwantan jiya. In ka bari har bayan isha'i, ka tarar da jijiya da ƙashi, ga kuma rabin unguwa sun fito daga masallaci da idanu a buɗe. Lokacinka tsakanin magariba da isha'i ne, duhu ya fara rufa asiri, gashi ya yi daidai. Babur ɗinka kuma ka aje shi nesa, ka ƙarasa a ƙafa. Mutanen Tudun Wada sun fi sanin lambar babur ɗinka fiye da sunan babanka.

Kada ka sa shadda. Maiƙon shadda da maiƙon tozo ba sa jituwa, kuma na biyun ne kullum yake yin nasara. Abin da ya fi wannan, tufafinka su ke yanke maka sarautar da za ka biya kuɗinta. Mai 'yar shara Malam ne, na dubu ɗaya ya ishe shi, babu mai kallonsa. Mai kaftani da hula ƙube Alhaji ne ko bai taɓa wuce Funtuwa ba. Idan ka ji an ce maka "ranka ya daɗe, Yallaɓai", to ka san kunya ba za ta bar bakinka ya furta ƙasa da dubu biyar ba. Maganin abin ka riga shi. Tun daga nesa ka ɗaga murya: "Sarkin Fawa, barka da wuta! Ya kasuwa?" Ko shekara uku bai yi da fara riƙe wuƙa ba, barunje yana son girma, jinin gidan kalangu ne. Wanda ka naɗa sarki da bakinka zai ji nauyin ba ka jijiya.

Sai maganar ɗanɗano, kuma a nan ake gane ɗan gari. A can Ajantina ma'aikacin gidan yakan tsiyaya wa baƙo ɗan giyar inabin Malbec ta lardin Mendoza a kofi, ya shinshina, ya kurɓa, ya gyaɗa kai. Wannan babin mu an rufe mana shi, addini ya rufe, dokar Shari'a ta Zamfara ta ƙara sa masa kwaɗo tun Janairun 2000, ka nemi zoɓonka ko kunun aya ka huta. Amma shinshinar da gyaɗa kan muna da namu. Mai nama zai yanko 'yar tsoka, ya dangwala ta a yaji, ya miƙo maka a bakin wuƙa. Karɓi da dama. Tauna a hankali, ka ɗaga kai kana kallon sama kamar alƙalin da ke sauraron shaida. Zai ce, "Rago na, Alhaji, yau da sahe munka yanka shi." Kada ka ce ya yi daɗi, yabo yana rage gyara. Ka ce, "To, ba laifi." Ka kuma sani a ranka cewa wannan tsokar ita ce amaryar teburin, abin da za a yanka maka bayanta dangin nesa ne. Ɗanɗano ɗaya haƙƙinka ne. Na biyu bashi ne, sai ka saya. Na uku kuwa akwai sunansa, amma ba zan faɗa ba, don na san waɗanda ke fara ɗanɗano daga Tudun Wada su ƙare a Sabon Gari, su koma gida su ce wa iyali yau ba sa jin yunwa.

Su can Ajantina takarda ake miƙo maka da sunaye: lomo, ojo de bife, bife de chorizo, kowane da nauyinsa a rubuce, giram ɗari huɗu ko fiye. Har hanji suna gasawa, suna kiransa chinchulines, abin da ya sa na fara ganin mutuncinsu ke nan. Idan Allah ya kai ka can, tambayi yankan tukuna, ka kauce wa morcilla don jini ne aka dafa, tsiran chorizo kuma yawanci da alade a ciki. Mu nan takardarmu yatsa ce. Nuna ka ce nan, nuna ka ce can: tsoka daga cinya, ɗan haƙarƙari, hanta kaɗan, ƙoda in akwai. Sannan ka rage murya ka tambayi tozo. Ba a barinsa a fili, yana can gefe ƙarƙashin takarda, an aje wa wanda ya san da shi.

Bari in tsaya a kan tozon nan, don shi ne hujjata. Ajantina tana da shanu sama da miliyan 50, sun fi mutanen ƙasar yawa, kuma mutum ɗaya yana cin naman sa kimanin kilo 50 a shekara. Amma shanun da suka fi alfahari da su, Angus da Hereford, waɗanda aka kai musu daga Birtaniya a ƙarni na 19, bayansu a shafe yake kamar tabarma. Ba su da tozo. Sai an tsallaka Burazil ake samun masu cinsa. Gudalin Sakkwato da farin san Fulani kuwa kowanne ɗauke yake da nasa, kitse da tsoka a saƙe, in ya ji wuta sai ya narke a baki kafin haƙori ya yi aiki. Mutum ya ci kofin duniya, ya tara dukiya, a tare masa hanya, amma a kawo masa sa marar tozo. Ni tausayi ya ba ni.

Gishiri kawai suke barbaɗa wa namansu, sai wani haɗin ganye da tafarnuwa da mai da ruwan tsami da suke kira cimicuri. Kada mu tsaya a kansa. Wanda ya san yajin ƙuli-ƙuli da citta da masoro da kanumfari ba ya buƙatar miyar ganye a kan gashi. Ka dai ce a zuba maka yajin a gefe, don akwai masu binne laifin nama a ƙarƙashinsa.

Yanzu idanunka su koma kan hannun mai nama. Babu sikeli a nan, ido ba mudu ba ya san kima. Hannun dama mai wuƙa ba shi ne abin tsoro ba, ƙarar saransa a kan katako duk kiɗa ne don ɗauke maka hankali. Hagun za ka sa wa ido, shi ke shimfiɗa albasa da kabeji a ƙasan takarda har ƙunshin ya yi tudu, ka je gida ka buɗe ka tarar ka sayo lambu. Idan ka yi ƙorafi zai ce dabbobi sun yi tsada. A nan kam kada ka yi masa gardama, gaskiya ya faɗa. Garken da ya kamata ya shigo kasuwa yana can daji a hannun waɗanda ba su kiwata shi ba. Mai kawo dabba ta hanyar Tsafe ko ta Bungudu da addu'a a baki yake tafe, kuɗin mota kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 bai sake kallon ƙasa ba. Duk wannan yana cikin 'yar tsokar da ke gabanka. Ka yi masa jaje da gaske, ka ce Allah ya kawo mana sauƙi, ya ce amin. Sannan ka ce, "To, gyara fa?"

Idan za ka ci a wurin, zauna ka ba titi baya. Ba zai hana komai ba, amma zai ba ka minti biyu. Na farko zai zo da sallama doguwa, ya tambayi gida, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, idonsa kuwa ko sau ɗaya bai sauka a fuskarka ba. Dole ka ce bismillah, ɗan Musulmi ba ya cin abinci a gaban mutum ya yi shiru. Fasahar tana cikin yadda za ka faɗe ta: ƙasa-ƙasa, baki cike, kana kallon wani wuri. Wanda ya ce "to" ya zauna, da sauƙi, ka san abokin karawarka. Wanda za ka ji tsoro shi ne mai cewa, "A'a, alhamdulillahi, yanzu na tashi daga kan tuwo." Zai tsaya. Zai gyara tsayuwa. Can sai ka ji, "Bari dai in taɓa ɗaya, kada ka ce na raina." Yana naɗe hannun riga yake faɗin haka. Na taɓa sayen na dubu uku a irin wannan dare, muka zama mu biyar, na lissafa abin da ya shiga bakina: tsoka biyu, hanta ɗaya, albasa kuwa duka. Da suka tashi har ɗaya yana ba ni shawara in sauya mai nama, wai wannan hannunsa ya fara ƙanƙancewa. An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, ba a gaya mana abin da yake yi wa balangu ba.

Dabarar da ta fi yi mini aiki daga Ajantina na aro ta. Da zarar masu sallama sun zauna, jefa musu gardamar ƙwallo. Ka ce, kamar da wasa, sau biyar muka haɗu da Ajantina a gasar kofin duniya, 1994, 2002, 2010, 2014 da 2018, sau biyar suka doke mu, saboda haka mu daina cika baki. Wallahi sai wani ya aje tsokar da ya ɗauka ya miƙe tsaye ya tuna maka Atlanta, yadda su Kanu da Amokachi da Amunike suka ba su uku da biyu a wasan ƙarshe na Olamfik a watan Agustan 1996, wata biyu kafin a ƙirƙiro jihar Zamfara. In wutar ta fara lafawa, ka ce ai ko Ronaldo ya san Messi ya fi shi. Bakin da ke gardama ba ya tauna. Kai dai ka riƙa cewa "haka ne" kana aiki.

Biyan kuɗi ba shi da wuya in ka zo da tsaba. In tiransifa za ka yi, ka yi ta kafin a yanka, kada ka ci ka ƙoshi ka tsaya kana ɗaga waya sama kana neman sabis, mai nama yana wasa wuƙa yana kallonka. Mutanen da suka ga Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, suka kuma ga ƙarancin takardun naira na farkon 2023, babu labarin "ya fita daga wajena" da ba su ji ba. A Buenos Aires bayan kuɗin abinci ana ɗora wa ma'aikaci kashi goma cikin ɗari, a gashin gida kuma har tafi ake yi wa mai gashi. Kada ka gwada ko ɗaya a Tudun Wada. In ka tafa, za a ce abin ya motsa. In ka bar canji, gobe kai Yallaɓai ne har abada.

Saura gida. Kada ka yaudari kanka da tsinken sakace da goro, hayaƙin balangu a zaren riga yake kwana, uwargida kuma tun kana zaure ta san teburin da ka tsaya. Saboda haka tun farko ƙunshi biyu za ka sa a yi. Na biyun a naɗe shi da kyau, a sa a leda baƙa, ya shige aljihun da ke nesa da masu sallama, kuma a nan ne tozon zai tafi, ba a wanda ka buɗe a benci ba. Ka shiga da sallama a hankali, ka miƙa mata ka ce, "Ga wannan, ba yawa." Za ta auna shi a tafin hannu, ta dube ka, ta ce, "Kai ba za ka ci ba?" Ka ce ka ƙoshi. Kafin ta gama kwance ledar, yaran da aka rantse maka sun yi barci tun bayan isha'i za su fito ɗaya bayan ɗaya suna murza ido, ƙaramin yana jan zanen gado. Matso kusa, ka naɗe hannun riga, ka ce bari dai ka taɓa ɗaya, kada ta ce ka raina.